Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ga Mai Shirin Barin Kano Zuwa Legas

Duk shekara idan Sallah ta wuce, sai majalisun cikin birni su cika da zancen Legas. Dalilin a fili yake. 'Yan unguwa mazauna can sun zo gida, an gan su wajen hawan Daushe da shadda mai maiƙo da sabuwar waya, sun yi wa iyaye alheri, sun raba wa ƙanne barka da Sallah, sun juya. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwale, ba za a rasa saurayin da ya kwana yana lissafi ba: in ya sayar da babur ɗinsa, ko ya kwashi adashinsa ya hau mota, ai baɗi war haka shi za a kalla. Da ku nake, ƙannena, masu wannan lissafi, maza da mata.

Ba zan ce kada ku tafi ba. Bakano bai gaji zaman wuri ɗaya ba. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja neman goro, kuma tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 hanyar Ikko, wato Legas, ba ta taɓa mutuwa ba. Abin da nake so ku gyara shi ne ma'aunin. Yawancinku kuɗin da ake samu kawai kuke aunawa, alhali abin aunawa shi ne yini guda, tun daga kiran assalatu har lokacin da mutum zai kai haƙarƙarinsa ƙasa: me ya ci, me ya biya, awa nawa hanya ta cinye masa, wa ya gani, nawa kuma ya kwana a aljihunsa.

Ga misali kaɗan. A ƙarshen 2024 gwamnatin Legas ta tsayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta a naira 85,000, ta Kano kuma ta tsayar a naira 71,000. Ratar naira 14,000 ce. To, ka samu wanda yake kwana a Agege yana aiki a Lekki, ka tambaye shi ko wannan ratar za ta riƙe masa kuɗin mota na wata. Dariya zai yi maka.

Mu fara da wurin kwana, domin a nan ne ɗan birni ya fi yaudarar kansa. Kai da ka tashi a gidan gado, shagonka yana jikin soro, ba ka taɓa biyan ko sisi da sunan haya ba. Da safe a miƙo maka koko da ƙosai daga cikin gida. Da rana ko kana kasuwa an ajiye maka kwanonka. Da dare in tuwon gidanku bai yi maka ba, ka leƙa gidan gwaggo a lungu na gaba, ko ka zauna a ciyayyar ƙofar gida inda kowane magidanci ke fito da nasa. Ranar da ba ka da ko kwabo, mai shayi ya san ubanka, zai rubuta. Duk wannan kuɗi ne, ƙanena, kuɗi mai yawa ma. Sai dai da yake ba a taɓa miƙa maka rasit ba, kana ɗauka kyauta rayuwa take zuwa. Unguwa ce take biya maka, kuma ranar da ka sauka daga mota a Legas ta daina.

A can, kafin a ba ka mukullin ɗaki, za ka ajiye hayar shekara guda a dunƙule. A kan wannan ga kuɗin ejan, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Tun 2011 jihar take da dokar da ta hana mai gida karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, kuma kafa dokar kansa ya isa ya nuna maka yadda abin yake. Ɗakin da za ka samu a irin kuɗin sabon zuwa kuwa, ɗaya ne cikin jerin ɗakuna masu kallon juna, banɗaki ɗaya, madafa ɗaya, mutane daga ƙabilu biyar, kowa da rediyonsa. Wanda ya samu wannan ma ya yi sa'a. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da kuke gani da shadda ranar Sallah, a rumfar kasuwa suke kwana, ko a barandar masallaci, ko a kangon da suke gadi, ko su goma a ɗaki ɗaya ana juyi da izini. Wanka da kuɗi, bayan gida da kuɗi. Ba aibi ba ne, neman halal ne, kuma Allah Ya yi wa nemansu albarka. Amma ba su faɗa muku, saboda babu mai son a ce ya je birnin kuɗi yana kwana a kan kwali.

Sai hanya. Cikin birni ƙafa ta ishe shi. Daga Soron Ɗinki zuwa Kurmi tattaki ne, daga Ƙofar Mata zuwa Kantin Kwari ɗan Adaidaita Sahu ne na mintuna. Mutum yana iya buɗe shago da hantsi, ya dawo gida azahar, ya halarci ɗaurin aure a Madabo, ya koma kasuwa la'asar, magariba ta same shi a masallacin unguwa. Legas ba haka aka gina ta ba. Manyan ofisoshi da gidajen masu kuɗi suna tsibiri, talaka yana tudu, tsakaninsu ruwa ne da gadoji uku, mafi tsawo ita ce wadda aka kammala a 1990, mai kusan kilomita 12. Saboda cunkoso mutane da yawa suna barin gida tun kafin asuba, su yi sallar a wurin aiki, su dawo bayan isha. Gwamnatinsu ta yi ƙoƙari, wannan gaskiya ce: manyan motocin BRT sun fara aiki a 2008, jirgin ƙasan cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023, wani layin da ya ratsa Agege ya biyo baya a 2024. Duk da haka mafi yawan jama'a a cikin danfo suke rayuwa, waɗannan motoci masu ruwan ɗorawa, kuma kuɗinsu yana tashi da zarar hadari ya haɗo ko yamma ta yi. Awowin da za ka bari a kan titi ba wanda zai biya ka su. Ka sa su a lissafi, domin a cikinsu ne da kake karatun dare a zauren malam, ko kake zama da mahaifiyarka.

A nan zan ɗan tsaya a kan masu cewa, "Ni dai in na samu babur, shi ke nan." Ku da kuka girma bayan 2013 wataƙila ba ku tuna lokacin da acaɓa ya cika titunan Kano ba. An hana shi ne a watan Janairun 2013 ɗin, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, kuma da yawa daga masu sana'ar suka nufi kudu. To can ma ƙofar ta ƙuntata. A Fabrairun 2020 Legas ta taƙaita acaɓa, a ranar 1 ga Yunin 2022 ta hana shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, bayan 'yan watanni ta ƙara wasu. Babur ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓa ba, niƙe shi ake yi a gaban kyamara. Tun kafin haka ma, a Agustan 2019, jami'an jihar sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su ana bincike kafin a sake su, ba tare da an same su da laifin komai ba. Wanda zai sayar da gadonsa ya sayi babur ya nufi Legas a yau, ya sani cewa jarinsa yana iya zama tarkacen ƙarfe a yini ɗaya.

Kada ku ce na zauna ina yabon gida kawai. Na san abin da ke korar ku, kuma ba ƙarya kuke yi ba. Famfunan cikin birni sun daɗe da zama ado, ɗan garuwa da kurarsa shi ne hukumar ruwanmu. Wuta sai an ga dama. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka ɗauki iyayenmu aiki, da yawansu sun zama kufai ko ɗakin ajiyar kaya. Yaro ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ya zauna a dakalin da ya bari, kullum ana ce masa ya yi haƙuri. Ga faɗan daba da ƙwaya suna cin samari a wasu lungunan da dā karatun allo kawai ake ji. Kuma zumuncin nan da na yaba, yana da haƙora. Ka buɗe ɗan shago a unguwarku ka gani: rabin kayan bashi zai tafi, wanda ya ci kuwa kawu ne ko surukin yaya, ba ka isa ka tambaya ba. Biki, suna, gudummawa, ankon 'yar ƙanwa, asibitin wane, jari yana narkewa ba ka san inda ya bi ba. Akwai samarin da ba za su taɓa tara komai ba muddin suna inda kowa ya san lokacin da suka yi ciniki.

Legas kuma tana da abin da ba mu da shi, kuma wauta ce a musanta. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna can, hedikwatocin yawancin bankuna da manyan kamfanoni suna can duk da an mayar da babban birnin ƙasa Abuja tun 1991. Kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Ikeja, ta kayan lantarki a Alaba, ta kayan gyaran mota a Ladipo, daga nan ne 'yan Farm Centre da 'yan Ƙofar Ruwa suke saro da yawa daga abin da suke sayar mana. Gari ne da ba ya tambayar ɗan wane ne kai. In ka iya ɗinki, ko walda, ko haɗa wutar sola, ko rubuta manhajar kwamfuta, kuma kana cika alkawari, za a neme ka, a biya ka abin da a gida za a ce maka "Allah Ya saka" a kansa. Yana koya wa mutum kiyaye lokaci da rubuta ciniki, abubuwa biyu da mu Kanawa muke da sakaci a kansu duk da tinƙahonmu da kasuwanci. Amma ka lura da sharaɗin: in ka iya. Wanda ya tafi hannu rabbana, dako da gadi da tura baro ne ke jiransa, kuma waɗannan akwai su a Singa da Dawanau, kusa da tuwon gidansu.

Na san sunayen da kuke kawowa hujja. Aliko Ɗangote ɗan Kano ne, a Legas ya yi arziki, ga matatar mansa a Lekki da aka ƙaddamar a 2023. Abdussamad Rabi'u ma haka, ya kafa BUA a 1988. Gaskiya ne. Sai dai ku karanta labarin tun daga farkonsa. Mahaifiyar Aliko 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce, jikar Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Lokacin da ya fara kasuwanci a 1977, da jarin da aka ranta masa a cikin dangi ya fara, da sunan gida da kowane ɗan kasuwa ya sani. Abdussamad ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u ne. Ba rage musu ƙoƙari nake yi ba, 'ya'yan masu kuɗi nawa ne suka cinye gadon suka zauna? Ina nuna muku ne cewa ko su ba su sauka a tasha suna waige-waige ba. Fataken dā ma haka suke: ba mai ɗaura kaya sai ya san madugunsa, ya san zangon da za a yada, ya san mai masaukin da zai karɓe shi ya tsaya masa a ciniki. Zangon Agege da goro ya kafu a kan wannan tsari. Kasuwar Mile 12, inda tumatir da albasa da tattasai na arewa ke sauka, da mayankar Oko-Oba, har gobe a kan sanayya suke tafiya. In ba ka da wanda zai ce "yarona ne", ba ka shirya ba tukuna.

Akwai kuma wani nauyi da ɗan cikin badala bai taɓa ɗauka ba, wato zama baƙo. A nan kai ne ɗan gari. Unguwannin Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari suna tuna mana cewa birnin nan ya daɗe yana haɗiye baƙi har su zama 'yan gida, amma kai ba ka taɓa tsayawa a ɗaya ɓangaren ba. A Legas sunanka "Aboki" ko "Malam", ko kana da digiri biyu. Yawancin mutanen gari lafiya lau za ku zauna, da yawansu ma Musulmi ne, ga masallatai ko'ina, ga Markaz ta Shehu Adamu al-Iluri a Agege da ta yaye malaman Larabci masu yawa. Amma ranar da rigima ta tashi, ba a tambayar wa ya fara. An gani a Idi-Araba a Fabrairun 2002, an gani a Mile 12 a Maris ɗin 2016, inda ƙaramin saɓani ya zama faɗan ƙabila aka rasa rayuka da dukiya. Saboda haka mai tafiya ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa, ya je ya gaida Sarkin Hausawan unguwar da ya sauka domin a san da shi, ya koyi gaisuwa da ƙirga da Yarbanci, ya saba da Turancin buroka, ya kuma koyi haɗiye magana a gaban 'yan tasha masu karɓar kuɗi. Zuciyar da kake yi a Ƙofar Wambai, inda in an taɓa ka unguwa za ta fito, ka bar ta a gida.

Game da addini, abin tsoron ba rashin masallaci ba ne. Rashin ido ne. A birni in ba a gan ka asuba biyu ba, liman zai tambayi babanka. Can babu Hisba, babu maƙwabcin da zai kai ƙararka, giya a bakin titi ake sayar da ita, Juma'a ranar aiki ce kamar Talata. Wanda sallarsa ta kunyar mutane ce, a can zai gane. Wasu kuwa can suka fi riƙe addini, domin sun ɗauke shi da hannunsu.

Ku 'yan mata, ƙannena, ban manta da ku ba, domin da yawanku aure ne zai kai ku. Ana cewa wance ta yi dace, mijinta a Legas yake. Madalla. Amma kafin a shafa fatiha, a tambaya: ɗaki nawa ne, su wa ke gidan, ƙarfe nawa yake fita, ƙarfe nawa yake dawowa? Yarinyar da ta saba da gida cike, ƙawaye suna shigowa, yara suna kai mata aike, ana tallan awara da ɗanwake har tsakar gida, ita ce za ta yini ita kaɗai a ɗaki daga asuba zuwa dare, maƙwabtanta ba sa jin yarenta. In ciki ya zo, ba gwaggo ba inna, sai dai a sako ta a mota ta taho wankan jego. Wadda take da sana'ar hannu ko karatu tana iya mayar da wannan kaɗaici riba, turaren wuta da ɗinki da lalle da abincin arewa suna da kasuwa sosai a can. Wadda ba ta da komai sai waya, ita ce ake ji tana kuka a ɓoye. Iyaye su ma su daina jin kunyar yin waɗannan tambayoyi.

Yanayin gari ba sai na daɗe a kai ba. Mu muna da zafin bazara mai ƙona fata da ƙurar hunturu. Su suna da gumi shekara zagaye da ruwan sama mai yawa, musamman a watan Yuni, lokacin da unguwannin talakawa ke cika da ruwa har cikin ɗaki, sauro kuma ya samu gari.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne nisa. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne ko fiye, gwargwadon hanyar da aka bi, ko ta Lokoja ko ta Jebba da Ilori. A mota yini ne da dare, in hanya ta yi kyau. Jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, amma kuɗinsa ba na sabon zuwa ba ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko kuɗin motar ma ya zama abin tanadi. Mu kuwa ba ma jinkirta jana'iza. In aka yi rasuwa da asuba, kafin azahar an kai. Ma'ana, duk wanda ya zaɓi zama a Legas ya amince a ransa cewa wataƙila a waya zai ji, kuma zaman makoki zai tarar. Ku dubi tsofaffinku da kyau kafin ku yanke shawara. In kai kaɗai ne namijin da ke kai mahaifinka asibitin Murtala, lissafinka daban ne da na wanda yake da 'yan uwa shida a gida. Haka kuma in kai ne ka kwanta ciwo a can, ka san sunan wanda zai zauna a kanka tun yanzu.

To wa ya kamata ya tafi? A ganina, wanda yake da sana'a a hannu ko takardar ɗaukar aiki a aljihu, yake da mai masauki na gaskiya wanda ya yarda da bakinsa, ba wanda ya ce "in ka shigo ka kira ni" ba, kuma iyayensa suka sa masa albarka. Irin wannan ya tafi, kada ya tsaya sauraron masu cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Wanda kuma haushin zaman banza ne kawai ke tura shi, ya fara kashe shekara guda yana koyon wani abu a nan, ko gyaran waya a Farm Centre, ko ɗinki, ko bin wani maigida a Kwari. Legas ba za ta gudu ba.

Ko ka cika waɗannan sharuɗɗa, kada ka sayar da komai tukuna. Ka je ka gani da idonka, mako biyu ko uku, kuma ka zaɓi damina, ba lokacin da gari ya bushe ya yi kyau ba. Ka sauka a inda za ka zauna da gaske, ka tashi lokacin da mai masaukinka ke tashi, ka bi shi wurin nema ka dawo tare da shi. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har ruwan leda da kuɗin banɗaki. In ka dawo, ka yi irin wannan rubutu a gida na mako biyu, amma a wannan karon ka sa wa ɗakinka da kwanon tuwonka farashi, kamar biya kake yi. Sannan ka ɗora littattafan biyu a gaban wani babba da ya taɓa zaman kudu, ku duba tare. Kuɗin motar dawowa kuwa ka ba mahaifiyarka ajiya tun kafin ka tashi, kada ka taɓa su.

Ku kuma yayyensu da ke can, don Allah in kun zo Sallah mai zuwa, bayan kun gama rabon barka da Sallah, ku zaunar da yaran nan ku faɗa musu inda kuke kwana da abin da kuke biya.